Firist na Ƙauyen Ars: Rayuwar Jean-Marie Vianney da Ma'anar Riƙon Jama'a a Ɗariƙar Katolika

Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun saba kiran malamin addinin Katolika da "limamin coci", kuma kunne ya riga ya karɓi wannan laƙabi har ba a tsayawa a tambayi abin da ke ƙarƙashinsa. Kalmar tana biyan buƙatar mai karanta labarai, amma tana iya ɓatar da ɗalibin kwatanta addinai, domin tana sa ya ɗauko siffar limamin masallaci ya ɗora wa mutumin da tushen ikonsa da abin da mabiyansa ke nema a wurinsa suka sha bamban da na liman. Mai karatu da Larabci ma yana da nasa tarkon: Kiristocin Larabawa suna kiran wannan mutum "kahin", kalmar da Musulmi ya sani da ma'anar boka mai da'awar sanin gaibu, alhali su abin da suke nufi shi ne mai miƙa hadaya a madadin jama'a, kamar yadda 'yar'uwar kalmar take a Ibrananci. Littafin Kiristoci na Hausa "firist" yake cewa, jam'i "firistoci", jama'a kuma sukan ce "Fada". Da kalmar firist za a yi amfani a nan.

Hanya mafi kusa ta fahimtar muƙami ita ce a dubi mutumin da masu muƙamin suka yarda shi ne abin koyinsu. Cocin Katolika ya sauƙaƙa wannan aiki, domin a 1929 Fafaroma Pius na XI ya ayyana mutum guda a matsayin waliyyin da ke jiɓintar dukkan firistoci masu riƙon jama'a a duniya, wato Jean-Marie Vianney, Bafaranshe, wanda ya rasu a 1859. Abin da zai ɗaure wa malamin Musulunci kai shi ne cewa wanda aka zaɓa ɗin ɗalibi ne da aka taɓa sallama daga makarantar horar da firistoci saboda raunin karatu. Bai wallafa littafin ilimi ba, bai riƙe wani babban muƙami ba, shekara 41 ya yi a ƙauyen da mutanensa ba su wuce 230 ba sa'ad da ya iso. Duk wanda ya gane dalilin wannan zaɓi ya gane abin da firist yake a idon mabiyansa.

Ƙuruciya a zamanin juyin juya hali

An haifi Vianney ranar 8 ga Mayu, 1786, a Dardilly, kusa da birnin Liyon, a gidan manoma. Yana da shekara uku juyin juya halin Faransa ya ɓarke. A 1790 sabuwar majalisa ta kafa dokar da ta mayar da firistoci ma'aikatan hukuma, ta kuma buƙaci kowa ya yi rantsuwar biyayya gare ta. Fafaroma Pius na VI ya yi tir da dokar, firistocin Faransa suka rabu kusan gida biyu. Waɗanda suka ƙi rantsuwa aka kore su daga coci-cocinsu, wasu suka yi gudun hijira, wasu aka kashe su, wasu kuma suka ɓad da kama suna yawo gida-gida da dare. Iyalin Vianney suna tare da wannan ɓangare na ƙarshe. A ɓoye ya koyi addininsa, a ɓoye kuma ya karɓi tarayyarsa ta farko yana da shekara 13, a cikin wani gida da masu ba da tarihinsa suka ce an tare tagoginsa da amalanken ciyawa don kada a hangi hasken kyandir daga waje. Firist ɗin da yaron ya fara sani mutum ne mai saka ransa cikin haɗari don ya kai wa mutane ibada, kuma wannan siffa ba ta bar zuciyarsa ba.

Wannan zamani ne kuma ya hana shi karatu. Bayan yarjejeniyar da Napoliyon ya ƙulla da Fafaroma Pius na VII a 1801, coci-coci suka sake buɗewa, amma sai da Vianney ya kai kimanin shekara 20 kafin mahaifinsa ya sake shi daga gona ya tafi Écully wurin wani firist mai suna Charles Balley. A can ya zauna aji ɗaya da yaran da ya girme wa nesa ba kusa ba, yana fama da nahawun Latin, abin ya ƙi zama. A 1809 aka kira shi aikin soja don yaƙin Sifen. Ya yi rashin lafiya, rundunarsa ta tafi ta bar shi, ya ƙare a ɓoye a ƙauyen Les Noës cikin duwatsu sama da shekara guda, yana koyar da yara da sunan aro. Bai fito ba sai bayan afuwar 1810, kuma ƙanensa François ne ya shiga soja a madadinsa, ya tafi bai dawo ba. Masu rubuta tarihinsa na farko sun yi ƙoƙarin nuna cewa gudun soja ya auka masa ne ba da nufinsa ba. Marubutan baya sun fi sakin jiki wajen kiran abin da sunansa.

Da ya shiga babbar makarantar firistoci ta Liyon a 1813, inda ake karantarwa da jarrabawa da Latin, bai daɗe ba aka sallame shi. Balley ya ƙi haƙura. Ya karantar da shi tauhidin Kirista da Faransanci a gida, ya roƙi a sake jarraba shi. An ruwaito cewa mataimakin bishop da ya yanke hukunci a ƙarshe bai tsaya kan iliminsa ba, tambayoyinsa sun koma kan ko saurayin mai ibada ne, ko yana girmama Maryamu, ko yana jan carbinsa; da aka tabbatar masa, sai ya amince, yana mai cewa alherin Allah zai cike abin da ya rage. An naɗa shi firist a birnin Grenoble cikin watan Agusta, 1815, yana da shekara 29. Sai dai an ɗora masa sharaɗi guda: ba a ba shi izinin sauraron ikirarin zunubi ba tukuna.

Inda ikon firist yake fitowa

Ba za a musanta cewa ƙarancin firistoci bayan juyin juya hali ya taimaka wajen wannan sassauci ba. Amma akwai dalili na aƙida da ya fi wannan zurfi. A wurin Musulmi, darajar malami daga iliminsa take. Littattafan fiƙihu idan sun zo babin wanda ya fi cancanta da limanci, ilimi da karatu da tsoron Allah suke aunawa, kuma idan liman bai zo ba, wani daga cikin sahu ya wuce gaba, salla ta inganta. Babu wata ibada a Musulunci da aka ɗaure ingancinta ga wani rukuni na mutane da aka keɓe.

A Katolika ba haka abin yake ba. Cocin yana da ibadu bakwai da yake kira sakramenti, Larabawa kuma suna ce musu "asrar", kuma yana ƙudurta cewa alherin Allah yana sauka ta hanyarsu. Naɗin firist ɗaya ne daga cikinsu: bishop ya ɗora hannu a kan mutum ya yi addu'a, daga nan, a aƙidarsu, an buga wa ruhinsa hatimin da ba ya gogewa har abada. Da wannan hatimi ne yake iya abin da ba wani mabiyi da zai iya, kome iliminsa: ya jagoranci ƙuddasi, wato babbar ibadar da suka yi imani gurasa da ruwan inabi suna komawa jiki da jinin Almasihu a cikinta, ya kwance zunubin mai ikirari, ya shafa wa majiyyaci mai. Bugu da ƙari, ingancin waɗannan ibadu bai rataya ga nagartar firist ɗin ba. An yi wannan muhawara tun ƙarni na 4 da na 5 a Afirka ta Arewa, lokacin da mabiya Donatus suka ce ibadar da malami mai ridda ko fasiƙi ya gudanar ɓatacciya ce, Agustin, bishop na Hippo, wadda take Annaba ta Aljeriya a yau, ya mayar musu da cewa mai aikin na haƙiƙa shi ne Almasihu, firist hannu ne kawai. Majalisar Trent ta tabbatar da wannan matsayi a 1547.

To, idan haka ne, firist mai raunin Latin da firist masanin falsafa daidai suke a gaban bagade. Abin da zai bambanta su shi ne yadda kowanne ya ba da kansa ga jama'ar da aka danƙa masa. Wuri ɗaya ne ilimi ke dawowa da ƙarfinsa, shi ne ikirari, domin Trent ta siffanta kwance zunubi da aikin alƙali: firist yana saurare, yana auna nauyin laifi, yana hukunta ko nadamar ta isa, yana ɗora kaffara. Wannan yana buƙatar abin da Musulmi zai kira fiƙihu, shi ya sa har yau naɗi kaɗai bai isa ba, sai bishop ya ba da izini na musamman bayan ya gamsu da cancantar mutum. Wannan izini ne aka jinkirta wa Vianney, kuma a wannan aiki ne daga baya sunansa ya cika Faransa.

Ars

Ya zauna mataimaki ga Balley har malamin nasa ya rasu a ƙarshen 1817. A watan Fabrairu, 1818, aka tura shi Ars, ƙauye a arewacin Liyon, tafiyar sama da kilomita 30.

Tsarin Katolika ya raba ƙasa gunduma-gunduma. Babbar gunduma ita ce dayosis, ƙarƙashin bishop. A cikinta akwai ƙananan yankuna da ake kira farish, kowanne da cocinsa da firist ɗinsa. A al'ada iyakar farish iyakar ƙasa ce, duk ɗan Katolika da ke zaune a ciki yana wuyan firist ɗin wurin, ko yana zuwa coci ko ba ya zuwa. Larabawa suna fassara kalmar da "ra'iyya", kalmar da ɗalibin hadisi ya sani sarai a babin alhakin shugabanci, Faransawa kuma suna kiran mai riƙon farish "curé", daga kalmar Latin mai nufin kulawa, ana nufin kula da rayuka. Majalisar Trent, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, ita ta ɗaure wannan muƙami da ƙasa: ta wajabta wa mai riƙon jama'a zama a cikinsu, domin kafin nan akwai masu cin kuɗin farish daga birni ba su taɓa kwana a cikinsa ba, ta umarci a kafa makarantun horar da firistoci, ta sa a riƙa rubuta baftisma da aure a rajista. Kundin dokokin coci na 1983 yana nan a kan wannan turba, har ya ambaci cewa firist ya yi ƙoƙarin sanin mutanensa, ya ziyarci gidajensu, ya kula da marasa lafiya da matalauta. Ars ma ba cikakken farish ba ne sa'ad da Vianney ya iso, reshe ne na maƙwabcin gari, sai a 1821 aka ɗaga shi.

Mutanen da ya tarar ba maƙiya addini ba ne. Tsara ce da ta tashi coci yana rufe, ba ta koyi kome ba, ta saba da noma ranar Lahadi, da mashaya huɗu a ɗan ƙaramin gari, da raye-rayen bukukuwa. Ya fara da zagayen gidaje a lokacin cin abincin rana, sa'ad da ya san zai sami kowa, yana tambayar amfanin gona da lafiyar yara kafin ya kawo zancen addini. Ya gyara ginin cocin, ya ƙawata shi fiye da ƙarfin ƙauyen, alhali shi kansa ya rabar da kayan ɗakinsa, yana rayuwa a kan dafaffen dankali da yakan dafa na kwanaki a tukunya ɗaya. Huɗubarsa ta farkon shekaru wahala ce gare shi: yakan kwana yana rubutawa, yana haddacewa, wani lokaci haddar ta kuɓuce masa a kan mumbari. Masu bincike na ƙarni na 20 sun gano cewa yawancin abin da ya rubuta ya tsinto shi ne daga littattafan huɗubobi da ke hannun firistocin zamanin, abin da bai kamata ya ba mai karatu a nan mamaki ba, domin masallatai da yawa sun daɗe suna karanta huɗubar da aka gada.

A 1824 ya buɗe makarantar 'yan mata kyauta, wadda ya kira La Providence, ya tura 'yan mata biyu na ƙauyen, Catherine Lassagne da Benoîte Lardet, suka koyo aikin koyarwa da kuɗinsa. Ba da jimawa ba gidan ya koma mafakar marayu da yaran da aka yasar. A nan ya fara darasin koyar da aƙida na kullum da ƙarfe 11 na safe, don yaran, har manya suka fara cika wurin aka mayar da shi cikin coci. A wannan darasi, da ya daina hadda ya koma magana da harshen manoma, aka ga baiwarsa ta fito.

Yaƙinsa da mashaya da rawa ya yi tsanani, kuma ya ɗauki shekaru. Mashayun suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Game da rawa kuwa, makaminsa shi ne jinkirta kwance zunubi ga wanda ya ƙi alkawarin bari, har da iyayen da suka bar 'ya'yansu suka je. A ƙauyen da firist ɗaya ne, kowa kuma yana ganin wanda ya tashi karɓar tarayya da wanda ya zauna, wannan ba ƙaramin matsi ba ne. Ya jawo masa ƙiyayya da ƙazafi da ƙararraki wurin bishop, aka bincika ba a same shi da laifi ba. Mai nazari yana iya yaba manufar ya kuma lura da girman ikon da tsarin ya tara a hannun mutum guda. A hannun wanda bai kai Vianney gudun duniya ba, wannan iko abin tsoro ne.

Akwatin ikirari

Tun Majalisar Lateran ta huɗu a 1215 aka wajabta wa kowane ɗan Katolika da ya yi hankali ya yi ikirarin zunubansa ga firist aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai ikirari yana durƙusawa a wani ɗan akwati na katako, tsakaninsa da firist akwai raga, ya faɗi manyan zunubansa da nau'insu da adadinsu. Rukunai uku ake nema daga gare shi: nadama, da furtawa, da cika kaffarar da aka ɗora masa. Firist kuma an ɗaure shi da sirri mai tsanani, wanda bai halatta ya karya shi ba ko da za a kashe shi, in kuwa ya karya da gangan, ya fita daga tarayyar coci nan take.

Ɗalibin Musulunci zai ga inda aka haɗu da inda aka rabu. Nadama da ƙudurin rashin komawa da mayar da haƙƙin mutane suna cikin sharuɗɗan tuba a wurin malamanmu, su ma Katolika suna neman su. Rabuwar tana wurin furtawa ga ɗan'adam da kuma lafazin kwancewa da firist yake yi da bakinsa. Aya ta 135 ta Suratu Ali Imrana ta keɓe gafarta zunubi ga Allah Shi kaɗai, Sunna kuma ta kwaɗaitar da mai laifi ya suturta kansa da suturar da Allah Ya yi masa. Masanin Katolika zai amsa cewa shi ma ya yarda Allah ne mai gafara, firist wakili ne da aka ba izini. Musulmi kuwa wannan wakilcin ne kansa bai yarda da shi ba. Adalci ya wajabta a kawo maganar kowa yadda mai ita yake faɗinta, domin mai raddin da ya ce 'yan Katolika suna ɗaukar firist a matsayin mai gafara da ikon kansa ya jingina musu abin da ba su faɗa ba, kuma duk ɗalibinsu na shekarar farko zai rushe masa hujja.

Daga wajajen 1830 mutane suka fara zuwa Ars daga nesa don su yi ikirari a wurin Vianney. Aka kafa zirga-zirgar kekunan doki na haya daga Liyon. A shekarunsa na ƙarshe baƙi sun kai dubban gomomi a shekara, wasu suna kwana biyu ko uku a layi. Yakan shiga coci da misalin ƙarfe ɗaya na dare, ya zauna cikin akwatin sa'a 11 ko 12 a lokacin sanyi, har zuwa 16 a lokacin zafi, ba ya fita sai don ƙuddasi da darasi da ɗan abinci da duba marasa lafiya. Haka ya yi kusan shekara 30. Maganarsa ga kowane mutum gajeriya ce, kaffarar da yake ɗorawa mai sauƙi ce, an kuma ruwaito cewa yakan ce sauran shi zai ɗauke musu da nasa azumi da horon jiki, abin da ya ginu a kan aƙidarsu ta cewa wani yana iya ɗaukar wa wani nauyin kaffara.

Akwai canji a cikin wannan aiki da ya cancanci kulawar masu nazarin fatawa. Tarbiyyar da Vianney ya samu wurin Balley ta masu tsanantawa ce, irin wadda ta mamaye cocin Faransa tun ƙarni na 17, mai yawan jinkirta kwancewa da tsoratarwa da ƙarancin masu tsira. A Italiya kuwa Alfonso Liguori, wanda ya rasu a 1787, ya gina mazhabar da ke neman tsaka-tsaki, mai la'akari da halin mai tambaya, mai gudun ɗora wa mutane abin da ba a tabbatar da wajabcinsa ba. A 1831 fadar Fafaroma ta ba da amsa cewa ya halatta a bi ra'ayoyinsa, kuma bishop na Belley, Alexandre Devie, wanda Ars ya koma ƙarƙashinsa tun 1823, yana cikin masu yaɗa su tsakanin firistocinsa. Vianney ya sassauta a hankali. Wa'azinsa na tsufa ya karkata ga rahama da ƙaunar Allah fiye da azaba. Babu shakka umarnin bishop da karatu sun yi tasiri, amma da wuya a raba wannan canji da abin da kunnensa ya sha: mutumin da ya saurari asirin dubban mutane ba zai ci gaba da yin hukunci kamar wanda ya san su a takarda kawai ba. Tarihin muftai ma ya san irin wannan.

Firistocin maƙwabta ba duka suka ji daɗin abin ba. Suna ganin jama'arsu na tsallake su zuwa wurin mutumin da suka san tarihin jarrabawarsa, wasu suka hana mabiyansu zuwa, wasu suka rubuta wa bishop cewa iliminsa bai kai ya riƙa warware mas'aloli masu wuya ba. Ana ba da labarin cewa takardar ƙorafin ta faɗo hannunsa, ya sa hannu a ƙasanta ya aika. Devie ya sa aka duba hukunce-hukuncensa, ya bar shi a kan aikinsa. A 1845 Henri Lacordaire, mashahurin mai wa'azin babban cocin Notre-Dame na Faris, ya zo Ars ya zauna cikin jama'a yana sauraron firist ɗin ƙauye.

Sai dai shaharar ta ci wani abu daga ainihin aikin. Mutumin da aka ɗauka abin koyi ga masu riƙon farish ya wayi gari baƙi sun raba shi da farish ɗinsa. Daga 1845 aka ba shi mataimaki wanda ya karɓi yawancin harkokin gudanarwa, a 1848 kuma aka miƙa La Providence ga wata ƙungiyar mata masu zaman zuhudu, ɓangaren marayun ya rufe, abin da ya yi masa ciwo ƙwarai. Shi kansa bai taɓa sakin jiki da muƙamin ba. Yana ganin bai cancanta ba, yana tsoron hisabin rayukan da aka ɗora masa, yana marmarin ya keɓe ya yi kukan zunubansa. Aƙalla sau uku ya yi yunƙurin gudu. A 1843, bayan wata rashin lafiya mai tsanani, ya koma Dardilly, masu neman ikirari suka bi shi har can. A 1853 ya fita da dare, aka kaɗa ƙararrawar coci, mutanen gari suka tare shi a hanya suka mayar da shi. A nan ana ganin tsohuwar jayayya tsakanin rahbaniyya, wadda aya ta 27 ta Suratul Hadid ta yi magana a kanta, da zama cikin mutane da haƙuri da cutarwarsu. Zuciyar Vianney tana wurin ta farko, cocinsa kuwa ya girmama shi ne saboda ta biyu.

An ba shi rigar girmamawa ta manyan firistocin dayosis a 1852, ya sayar ya ba matalauta kuɗin. Gwamnatin Napoliyon na III ta ba shi lambar girma ta ƙasa a 1855, bai taɓa rataya ta ba. Ya rasu ranar 4 ga Agusta, 1859, yana da shekara 73.

Yadda za a karanta labarinsa

Yawancin abin da aka sani game da shi ya zo ne ta hannun masoyansa: littafin Alfred Monnin, wanda ya zauna da shi, ya fito a 1861, sai na Francis Trochu a 1925, wanda ya dogara da shaidun da aka tattara don tabbatar da waliyyancinsa. Wannan adabin manaƙibi ne, kuma wanda ya saba da littattafan ɗabaƙatu na sufaye zai gane salon nan take: hatsi ya ƙaru a rumbun marayu, ya san zunubin mutum kafin ya faɗa, Shaiɗan yana hana shi barci da ƙara da girgiza gado. Mai nazari zai rarrabe tsakanin abin da rajista da wasiƙu da ɗimbin shaidu suka tabbatar, kamar tsawon zamansa da talaucinsa da yawan baƙinsa, da abin da imani da shi ya rataya ga aƙidar mai ji. Shi Vianney yakan jingina warakar da ake samu a Ars ga wata waliyyiya mai suna Filomena, wadda aka tono ƙasusuwan da aka ce nata ne a wata tsohuwar maƙabartar Roma a 1802. A 1961 cocin da kansa ya cire bikinta daga kalandar ibada, saboda babu wani tabbataccen tarihi game da rayuwarta.

Alƙur'ani bai yi wa malaman Kirista kuɗin goro ba. Aya ta 82 ta Suratul Ma'ida ta ambaci ƙissisai da ruhbanawa a wurin yabo, ta haɗa su da rashin girman kai. Aya ta 31 ta Suratut Tauba ta yi tir da ɗaukar malamai da ruhbanawa iyayengiji, ta 34 kuma ta zargi da yawa daga cikinsu, ba dukkansu ba, da cin dukiyar mutane da ƙarya. Rayuwar Vianney, gwargwadon abin da ya tabbata, ta kuɓuta daga zargin dukiya da girman kai. Saɓanin Musulmi da shi yana wurin aƙidar da ya yi wa hidima da matsayin da ta ba shi tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuma kyawun halinsa bai rage wannan saɓani ba, kamar yadda saɓanin bai halatta a tauye masa abin da ya tabbata na hali ba.

Pius na X ya sanya shi cikin masu albarka a 1905, Pius na XI ya ayyana shi waliyyi a 1925. Yahaya na XXIII ya rubuta wasiƙa ta musamman ga dukkan coci a kansa a 1959, John Paul na II ya ziyarci Ars a 1986, Benedict na XVI kuma ya keɓe shekara guda ta firistoci daga 2009 zuwa 2010 don cikarsa shekara 150 da rasuwa. Gawarsa tana cikin akwatin gilashi a babban cocin da aka gina a Ars, an rufe fuskar da kakin zuma. Sunansa ya iso ƙasar nan ma: ƙungiyar mishan ta Afirka da aka kafa a Liyon a 1856, yana da rai, ita ce ta buɗe tashar Shendam a 1907, kuma ƙaramar makarantar horar da firistoci da ke Barikin Ladi a Jihar Filato sunansa take ɗauke da shi.

Dokar coci ta yau ba za ta bar ɗalibi irinsa ya wuce da sauƙi ba, domin tana neman aƙalla shekara shida na falsafa da tauhidi kafin naɗi. Irin zaman da ya yi ma ya zama abu mai wuya a ƙasarsa. Firistoci sun yi ƙaranci a Faransa, an haɗe farish-farish, firist ɗaya yana zagaya ƙauyuka masu yawa da mota, kuma da dama daga masu riƙe da coci-cocin karkarar Faransa a yau daga Afirka aka aro su.